Sunan da Ba a Faɗa, Daga Umdurman Zuwa Rugarmu

Tun da na dawo daga aikin hajji ban sha shayi cikin natsuwa ba. Duk inda na zauna a Roni, ko a ƙofar makaranta ko a gindin darbejiyar masallaci, sai wani ya matso ya ce, "Alhaji Haruna, yaya hanyar take?" Na ba da labarin har ya fara canza kama a bakin mutane. Jiya na ji wani yana rantsuwa wai kada ya kusa cinye ni a kogin Cadi, alhali ko tsari ban gani a kogin ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi, kowa ya huta, ni ma in huta.

Amma kafin mu hau mota, akwai abin da zan faɗa, don da shi na tafi kuma da shi na dawo. Ni malamin Arabiyya ne a firamare, kuma ɗan fari ne a wurin Inna, Bafulatanar rugar da ke yamma da nan, ta wajen Gwiwa. Wanda ya san Fulani ya san abin da wannan yake nufi. Ana yaye ni aka miƙa ni ga goggona a Kazaure, can na girma na yi karatu. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In dole ta yi maganata sai ta ce "wane" ko "mutumin nan". Ƙannena kuwa tana kiransu, tana yi musu faɗa, tana ja musu kunne, ni ina gefe kamar baƙo. Na san kunyar ɗan fari ce, na san haka uwarta ta yi wa nata. Sanin bai hana abin ci mini rai ba, ga ni da gemu har da 'ya.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ana neman malamai ido rufe, sai aka yi mini tayin komawa Kaduna da aiki in na dawo. Na je ruga sallama, na tarar da Inna tana dama fura. Na durƙusa na faɗa mata maganar hajji, na faɗa mata maganar Kaduna. Ko kai ba ta ɗaga ba. Ta dubi ƙanwata Adama ta ce, "Ki ce masa Allah ya kai lafiya." Na ce, "Kaduna fa, Inna?" Ta ce wa Adama, "Allah ya sa alheri." Ina tafe ina taka ƙasa da ƙarfi har Roni, na kuma yanke a raina cewa Kaduna zan tafi, tunda babu mai riƙe ni a nan.

Abokin tafiyata Modu ne, Babarbare ɗan Babura, mai fataucin fata da gyaɗa. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, to Modu ya mayar da shi sana'a. Tun daga tashar Kano, muna saman babbar mota a kan huhunan goro, yake ce mini, "Ɗan Fulani, riƙe ƙarfen nan da kyau, iska kaɗan ta ishe ka." Ya cika mini kunne da cewa in mun isa Maiduguri zan ga dangi, zan ci abin da ban taɓa ci ba. Muka isa, ya tari wani dattijo ya gaishe shi da Barbarci, dattijon ya ji daɗi ya saki zance kamar ruwan sama. Modu ya tsaya yana murmushi yana gyaɗa kai. Ashe Barbarcin nasa a gaisuwa ya fara, a gaisuwa ya ƙare. A zangon Hausawa muka kwana, muka ci tuwon dawa da miyar kuka irin na gida, ni kuwa na samu abin tsokanarsa har Makka.

A kan iyakar Cadi, bayan mun haye kogi a jirgin fito, wani jami'i mai gajeren wando ya sa kowa ya naɗe hannun riga ya nuna tabon lamba, sannan ya shiga binciken kaya. Ya ci karo da ƙullin yajin da matar Modu ta daka masa. Modu yana cewa yaji ne, jami'in kuwa Faransanci kawai yake ji, ya kwance ƙullin ya kai hanci ya shaƙa. Bawan Allah nan ya yi ta atishawa har hularsa ta faɗi. Da hawaye a idonsa ya buga mana hatimi ya nuna mana hanya da hannu, bai ƙara taɓa kayan kowa ba. Sauran fasinjoji suka yi ta sa wa matar Modu albarka.

Daga Fallomi, babban birnin Cadi, zuwa Abashe, ba zan ce mun hau mota ba, sai dai in ce mun raka ta. Ta yi tafiya kaɗan ta kafe a rairayi, a sauko a tona, a shimfiɗa mata faifan ƙarfe, a tura. Direban Bashuwa ne marar gaggawa. Duk inda ta kafe, abin da yake fara saukewa butar shayi ce, sai an sha an sake sha kafin ya dubi taya. Abin da ya fi ba ni mamaki a hanyar nan shi ne mutanenmu. Kowane gari akwai unguwar Hausawa da Fulani waɗanda suka fito da niyyar Makka, guzuri ya ƙare, suka tsaya noma, suka yi aure, har yanzu kuma in ka tambaye su sai su ce suna kan hanya. A Janaina, garin farko na ƙasar Sudan, wani tsoho mai gyaran takalma ya ji na ambaci Kazaure, ya riƙe mini hannu ya ƙi saki. A goye aka fito da shi, amma ya san unguwanni da duwatsun garin daga bakin mahaifiyarsa. Ya hana mu kwana a zango, ya kai mu gidansa, aka kawo mana kisra, wani abu ne fale-fale mai tsami kamar an yi wa sinasir rowar ƙullu. Modu ya ci ya ƙoshi sannan ya ce bai kai tuwo ba.

A jirgin ƙasa, kan hanyar Hartum, na ga abin da ya tayar mini da tsohon miki. Wata dattijuwa tana zaune kusa da mu da ɗanta, ƙato ne soja. Bini-bini sai ta ce, "Ya Hasan, ci wannan. Ya Hasan, rufe taga." Ta gyara masa wuyan riga, shi kuma ya sumbaci kanta a gaban kowa. Na tambaya, aka ce ɗanta na fari ne, kuma a ƙasar nan da sunan ɗan fari ake kiran uwa, kowa Ummu Hasan yake ce mata, wato uwar Hasan, tana amsawa da alfahari. Na juya na kafa wa taga ido. Modu ya lura, ranar nan dai bai tsokane ni ba, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

A Umdurman, wadda kogi ne kawai ya raba ta da Hartum, muka yi zaman jiran takardu da labarin jirgin ruwa. Zango ya cika, sai wani dillali ya samo mana ɗaki a bayan wani kantin yadi. Sai da muka ajiye kaya ya ce mai kantin Bayahude ne, Hawaja Ishaku, Hawaja kuwa laƙabi ne da suke yi wa baƙin 'yan kasuwa. Gaskiya na yi ɗari-ɗari, don ban taɓa ganin Bayahude ba sai a littafi. Da ya fito sai na ga wani gajeren tsoho mai tabarau da jallabiya, yana Larabcin kasuwa da ya fi nawa gudu. Nawa Larabcin na littafi ne, in na je sayen albasa sai mai albasa ya yi dariya ya ce huɗuba nake yi. Hawaja Ishaku kuwa Larabcin nan nawa ne ya sa ya so ni, ya riƙa ce mini Ustaz.

Mutumin yana da al'adu. Kullum da safe yana aiko mana da ful, wani babban wake da ake dafawa ya yi lugub a zuba masa mai. Ba ya cin alade, ba ya cin mushe, amma kuma ba ya haɗa nama da nono a ci ɗaya, abin da na ce masa da a rugarmu yake da ya sha wuya. Ranar Asabar ba ya buɗe kanti, ba ya hura wuta, ba ya taɓa ciniki. Modu ya kasa haɗiye wannan. Ya ga masu saye suna zuwa suna juyawa, ya riƙe kai ya ce, "Ɗan Fulani, ka tambaye shi ko zai ba ni aron kantin na yau kawai."

Wata Asabar bayan la'asar na tarar da shi a tsakar gida yana karatu a wani littafi, yana rausaya kamar yadda muke yi. Rubutun daga dama yake farawa kamar namu, amma baƙaƙen a tsaitsaye suke, kowanne ya ware kansa. Ya ce Ibrananci ne, harshen Attaura, wasu addu'o'in kuma da Aramiyanci suke, harshen da kakanninsa suka koma yi daga baya. Na ce, "To yaya kuke kiran Allah?" Ya cire tabarau ya goge ya ce, "Zauna, Ustaz, ka taɓo inda nake so."

Ya ce tushen shi ne El, mai ƙarfi, abin bauta. Daga nan ake cewa Eloha da Elohim, da Aramiyanci kuma Elaha. Na ce, "Ai wannan Ilahu ne." Ya ce, "To da me kake tsammani? Ishaku da Isma'ila ubansu ɗaya, harsunansu ma 'yan gida ɗaya ne." Ya ce El ɗin nan ne a ƙarshen Jibrilu da Mika'ilu, shi ne kuma a Isma'ila, wanda ma'anarsa Allah yana ji. Shekara nawa ina kiran yara masu wannan suna a aji ban taɓa sani ba. Ya kawo El Eliyon, Maɗaukaki, na ji ƙamshin Al-Aliyyu a ciki. Ya kawo El Shaddai, ya ce ana fassara shi da Mai iko duka, amma malamansu sun yi saɓani a kan asalinsa, shi kuma ba zai raba musu gardama ba. Ya kawo Rahum, Mai jinƙai, da Aramiyanci Rahmana, ya ce tushensu rehem, mahaifar uwa. Wannan na san shi a Larabci, amma da na ji shi a bakin tsohon nan sai ya zame mini sabo. Sannan ya ce akwai suna guda da mace ce ta fara kiran Allah da shi, Hajara, lokacin da take ita kaɗai a jeji. Ta ce El Ro'i, Allah mai ganina.

Na ce ya karanta mini in ji daɗin harshen. Yana karantawa ina bin yatsansa, sai na lura da wata kalma mai baƙi huɗu da take ta dawowa. Ya nuna mini su, daidai suke da ya, ha, wau, ha a wurinmu. Amma duk sanda yatsansa ya iso kanta sai ya ce Adonai, wanda ya ce ma'anarsa Ubangijina. Na ce, "Hawaja, ni malamin yara ne, na san mai tsallake. Abin da ka faɗa ba shi ne a rubuce ba."

Ya yi dariya ya ce, "Ka kama ni. Wannan shi ne sunan da ya fi kowanne a wurinmu. Malamai sun ce daga kalmar kasancewa ya fito, Wanda Yake, kamar yadda aka faɗa wa Musa a wurin kurmin da ke cin wuta. Ba ma faɗarsa. A salla mu ce Adonai, a hira mu ce Hashem, wato Sunan, shi ke nan. A da can babban limami ne kaɗai yake furta shi, daga zuriyar mai sunanka Haruna, shi ma a rana mafi tsarki ta shekara."

Na ce, "Wannan kuma ban gane ba. Mu sunan Allah ba ya barin bakinmu, da shi muke ci, da shi muke tashi. Wanda kake ƙauna ai kiransa kake yi. Yaya za a ce kana son abu kana gudun sunansa?" Na faɗi wannan da zafin da ya fi ƙarfin tambayar.

Tsohon ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ku kuna girmamawa da yawan kira, yana da kyau. Mu kuma sauran sunayen duk muna kira. Wannan ɗaya ne ya yi wa baki nauyi. Ba mantuwa ba ce, Ustaz. Mutumin da yake kauce wa suna duk sanda ya iso kansa, ai ya fi kowa tunawa da shi."

Modu yana gefe yana cin gyaɗa, ya matsa sai na fassara masa. Ina gamawa ya tafa hannu ya ce, "Kai! Ashe Yahudawa ma Fulani ne! Wannan ai fulako ne tsantsa." Ya juya ga tsohon da guntun Larabcinsa da hannuwa, ya zayyana masa labarin Inna kaf, ina harararsa bai fasa ba. Sannan ya ce mini, "To malam mai son a kira suna, faɗa wa Hawaja sunan 'yarka ta fari."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe baki da niyyar faɗa. Ni ne fa na raɗa mata sunan, ni ne na yi alwashin ba zan yi mata abin da aka yi mini ba. Sai na ji kaina ina cewa, "Yarinyar nan ai..." na tsaya. Modu ya ce, "Tun daga Kano yake ba ni labarin yarinyar nan. Yarinyar nan ta fara tafiya, yarinyar nan tana son rake, ya saya mata awarwaro tun a Abashe. Ni sai a bakin uwarta na ji sunanta Safiya." Ya faɗi ƙasa yana dariya, Hawaja Ishaku ma ya yi ta yi har da goge ido. Ni ma na yi, amma tawa dariyar ba ta yi nisa ba. Astagfirullah, ba ina haɗa sha'anin Ubangiji da na bayinsa ba ne, kowa da addininsa kuma ni ina kan nawa. Amma na san irin son da nake wa yarinyar nan, na kuma ji da kunnena yadda sunanta ya maƙale mini a wuya.

Da za mu tashi, tsohon ya yanko yadi mai ruwan bula ya naɗe ya ce, "Na mahaifiyarka ne. Kada ka ce mata daga wa, ka ce daga wane." Muka hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku, muka haye zuwa Jidda, Modu ya yi amai tun daga wannan gaɓa har waccan, ya kuma roƙe ni kada in faɗa a Babura. Labarin Makka da Madina na ba ku shi a masallaci, kuma ba abu ne da alƙalamina zai iya ba. Abu ɗaya zan ƙara. Ina safa da marwa, inda Nana Hajara ta yi ta kai da kawo tana nema wa ɗanta na fari ruwa, sai na tuna Allah mai ganina, na tuna Inna, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Duk da haka ban warware maganar Kaduna ba. Na ce a raina, fahimtar al'ada daban, sanin abin da ke zuciyar mutum daban.

Ta hanyar da muka je muka dawo, motar Bashuwan nan ma ta sake kafewa da mu kamar tana jiranmu. Muka rabu da Modu a Kano, na hau motar Kazaure. Direban ya ga ƙullin dabino da gorar zamzam, ya ce in dawo gaba kusa da shi. Muna tafe ya ce, "Alhaji, ta ƙasa kuka je? To ko kun haɗu da alhajin da ba shi da suna?" Na ce wane ne haka. Ya ce, "Wata tsohuwa ce Bafulatana daga wajen Gwiwa. Tun bayan tafiyar alhazai, duk ranar kasuwa sai ta zo tashar Kazaure da ƙwaryar nono, a ƙasa fa, ta wuce kasuwannin da ke kusa da ita. Ba cinikin ne ya dame ta ba. Duk motar da ta tsaya sai ta matso ta ce, ba ku ji labarin masu zuwa Makka ta ƙasa ba? Akwai wani dogo, malamin makaranta, ba ya son sanyi. Mu ce, Inna, sunansa wa, mu tambaya miki a Kano? Sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta ɗauki ƙwaryarta. Mako na zagayowa ta dawo. Har 'yan tasha sun sa mata suna, Uwar Wane." Yana dariya ya waigo, ya ga fuskata, ya daina dariyar. Can ya ce, "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, ban sani ba."

Ban tsaya a Roni ba sai da na isa ruga. Adama ta hango ni ta yi guɗa, ƙannena suka fito da gudu, kowa yana kiran sunana. Inna tana zaune a ƙofar bukka, tana ganina ta juya baya ta jawo ƙwarya ta hau dama fura. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye zamzam da dabino da yadin nan mai ruwan bula. Na dubi ƙafafunta, duk sun yi kaushi sun tsattsage.

Ta ce wa Adama, "Ki tambayi baƙon ko ya sami abin ci a can."

Na ce wa Adama, "Ki ce mata na ci wake da wani abu kamar sinasir, amma ban ƙoshi ba tun da na bar nan." Adama tana dariya tana maimaitawa, alhali tsakanina da Inna bai fi taku biyu ba. Na ce, "Ki kuma ce mata maganar Kaduna na fasa. Ina nan Roni."

Ludayin ya tsaya cak a hannunta. Sannan ta ce, "Wa ya tambaye shi?" Ta jawo ƙwaryar kindirmon da take ajiye wa kasuwa, ta juye shi duka a cikin furar, ta turo mini ita ta baya ba tare da ta waigo ba.

Masu tambayata abin da na fi jin daɗinsa a tafiyar nan bayan ɗakin Allah, to ga shi kun ji. Na shanye furar nan tas, har yau kuma ba ta kira sunana ba.